Shingen Babana

Guguwar Nuwamba ta kwantar da tsohon shingenmu,
ta bar gidan tsirara a gaban teku.
Gishiri ya hau tagogi, ya ƙone kabejin babana,
wankin da na shanya ya kwana a gonar maƙwabta.

Ran Asabar na riƙo hannunsa
muka gangara Roscoff, wurin Goulven mai dashe,
wanda ƙasa ta tare a ƙarƙashin farcensa
tun ban san dama da hagu ba.
Ya ce, "Soizic, iskar garin nan ba ta da kunya.
Zaitun-daji ne maganinta.
Sunan kawai ya ara, ba ya ba da mai,
amma zuri'a ce babba. Zo ki zaɓa."

Na farko siririn ganye, fari kamar cikin kifi.
Fari ba ya kashe shi, ƙanƙara ba ta kashe shi,
sai dai sanyi na shigowa yake tuɓe riga,
daidai lokacin da ake neman sutura.
Baba ya kai hannu, ƙaya ta gaishe shi.
Ya tsotsi yatsa ya ce,
"Jikana Tugdual cikin shinge yake bin ƙwallo.
Mu wuce."

Na biyu mai jajayen 'ya'ya, masu tsami-tsami.
Goulven ya taɓe baki:
"Tsuntsu zai ci, ya kai iri inda ba a gayyace shi ba.
Shekara biyar, maƙwabci ya daina amsa miki gaisuwa."

Na uku kuwa, wayyo, na uku!
Kowane ganye an zagaye bakinsa da zinariya,
kamar rana ta manta gyalenta a cikin tukunya.
Na tsuguna, na ƙi tashi.
"Yana da nawa wajen girma," in ji mai dashe,
"kuma yakan tuna asalinsa.
Reshe kore zalla ya ɓullo,
in ba a datse ba, ya haɗiye zinariyar duka.
Wannan shuka ce mai son ido."

Ba wanda ya ce uffan.
Shekara biyu ke nan hazo na sauka a idon babana.
Da muryata yake gane ni,
da kukan tsuntsun teku yake sanin ruwa ya janye.

Muna juyawa za mu tafi sai ya cije,
ya ɗaga hanci sama.
"Wa ya fasa kwalbar turare?"
Can ƙurya yake, ba ado, ba kwalliya,
ganye mai kauri, sama kore, ƙasa toka-toka,
da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa a jikin kwale-kwale.
Sai da na ɗaga reshe na ga furen,
ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar shinkafa ba,
ya ɓuya a hammatar ganye yana ta aikinsa.
"Ba ya zubar da ganye?" "Ba ya zubarwa."
"Gishiri fa?" "Abincinsa ne."
Baba ya lalubo jakar kuɗi.

Taki ashirin da biyu ne daga ƙofa zuwa dutse.
Shi ya auna, ni na haƙa.
Ya danne saiwa da tafin ƙafa,
na zuba ruwa, na rage musu tsawo,
zuciyata na ciwo a kan kowane reshe.

Da yamma ya bi layin da hannu yana ƙirga.
Ya kai ƙarshe, ya dawo, ya sake.
"Ashirin da biyu na biya.
Wane ne wannan gajeren a gindin tagar kicin?"
Na yi shiru, wuƙar albasa a hannuna.
Ya murza ganyen, ya shinshina, bai ji komai ba.
Ya yi 'yar dariya.
"To, ki ajiye almakashi kusa.
Wannan naki ne, ke za ki gani."